Askin Sallah, Jean Ayres da lissafin 'yan boko

Ranar jajiberin ƙaramar Sallah ta bara waccan mu huɗu muka taru a kan yaro ɗan shekara biyar don kawai a yi masa aski. Ni na riƙe ƙafafu, ubansa ya rungume shi ta baya, wani yaron maƙwabta ya danne hannu ɗaya, mai askin kuma sai faman "ku riƙe shi da kyau Alhaji kar na yanke shi" yake, ga kilifa tana ta zuuu a bayan kunnen yaron, shi kuwa ihu yake kamar ana zare masa rai, ba kukan shagwaɓa ba fa, irin ihun da ke sa mata leƙowa ta katanga. Da aka gama ya jiƙe wandonsa, muryarsa ta dishe, kuma kusan sati guda in ya hango ni sai ya shige bayan ƙofa. Ɗan ƙanwata ne. Hajiyarmu tana zaune kan tabarma ta ce "wannan maigidan nawa fa ba lafiya ba, a nema masa taimako", kuma kowa ya san me take nufi da taimako, rubutu da tofi da hayaƙi. Ubansa ya ce sangarta ce kawai, uwarsa ta ɓata shi. Ni da ake kira ɗan bokon gida ban ce uffan ba, don gaskiya ba ni da abin cewa.

Bayan 'yan watanni likita ya faɗa mana sunan abin, otizim, wanda a rediyo za ka ji ana ce masa galahanga (kalmar ba ta gamsar da ni ba don ana jibga mata lalurori kala-kala da ba su da alaƙa da juna, amma ita mutane suka sani, toh ya za a yi). Daga nan aka tura su wurin wata ma'aikaciya, irin waɗanda a asibiti ake ce musu occupational therapist, ko O.T. a taƙaice. Ba masu gashin ƙashi ba ne duk da hukuma ɗaya ce ke musu rajista a Najeriya kuma mutane na yawan haɗa su. Sunan aikin nasu da Turanci ma ruɗarwa yake, sai ka ɗauka masu nema wa mutum aikin yi ne, alhali "aiki" a wurinsu shi ne duk abin da mutum ke yi daga tashinsa zuwa kwanciyarsa, wanka, sa riga, cin abinci, riƙe fensir, zama a aji, wasa da yara. In ciwo ko nakasa ta hana ka ɗaya daga ciki, su ne masu neman dabarar da za ka iya. Ba su da yawa a ƙasar nan sam, wuraren karatun da aka fi sani ma suna kudu ne, Oshodi a Legas da jami'ar Ile-Ife, shi ya sa samun ganin ɗaya a wajenmu sai da layi da haƙuri.

Matar ba ta taɓa yaron ba ranar farko, tambayoyi kawai ta yi ta jero wa uwarsa. Yana toshe kunne in an tada injin markaɗe? Yana ƙin sabuwar shadda mai bugu ya nace sai tsohuwar rigar nan guda ɗaya? Yana cire ɗan ƙyallen nan na wuyan riga? Miyar kuɓewa fa da duk abin da ke yauƙi? Yana son juyi, ya yi ta katantanwa ba ya jin jiri? In ya faɗi ya ƙuje gwiwa yana kuka ko ko a jikinsa? Yanke farce da aski fa? Ƙanwata ta ce tun tana amsawa da baki har ta koma gyaɗa kai don hawaye sun hana ta magana. Da ta dawo ta ce min, "Yaya, wallahi kamar a gidanmu matar nan take kwana." Shekara uku ana ce mata ita ta ɓata ɗanta, ranar ce ta farko da wani ya nuna mata cewa ruwa ba ya tsami banza, yaron ba taurin kai yake ba, ƙarar kilifar da mu muke ji kamar kukan sauro shi a kansa kamar ana sara ƙarfe ne.

Da na raka su zuwa na gaba sai na tambayi matar, na ce Malama waɗannan tambayoyin daga ina kuka samo su. Ta ce asalin tunanin na wata Ba'amurkiya ce, Jean Ayres, takardar tambayoyin kuma ta wata ce daga baya, Winnie Dunn. Toh ga inda abin kunyar yake. Ni lakcara ne, ba a fannin lafiya ba, kuma duk wanda ya san yadda jami'o'inmu suka koma a 'yan shekarun nan ya san cutar da ta kama mu: ka ji sunan masani, kafin ka tambayi me ya ce sai ka buɗe shafin Google Scholar a intanet ka ga sau nawa wasu masana suka ambace shi a takardunsu. Tun a harabar asibitin na zaro waya na fara duba lambobi. Yaron yana gefena yana toshe kunne saboda janareta, ni kuma ina ƙirga ambato don na san ko matar da ta gano dalilin toshe kunnen nasa "babba" ce ko ƙarama. Sai da na koma gida abin ya dame ni, kuma shi ya jawo rubutun nan.

Ita Ayres an haife ta a 1920 a Visalia ta jihar Kalifoniya, 'yar gidan manoma. Ta yi karatun wannan aiki a jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Anjalas, ta yi digirin digirgir a 1961 a fannin halayyar ɗan adam ta ɓangaren koyo, sannan ta je cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta jami'ar UCLA ta ƙara zama da masana jijiya. Yaran da suka fara ɗaukar hankalinta ma ba masu otizim ba ne, yara ne masu wayo ras amma karatu da rubutu sun gagare su, ko su kasa ɗaura igiyar takalmi, ko su yi ta tuntuɓe, malamai na ce musu malalata. Ita sai ta ce a tsaya tukuna, mu mun saba lissafa gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa mu tsaya nan, alhali akwai wasu biyu da ba a kula su: ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne wanda ke gaya maka kana tsaye ko kana karkace, da kuma jin da ke cikin tsoka da gaɓɓai wanda ke sa ko ka rufe ido ka san inda hannunka yake. Duk waɗannan saƙonni ƙwaƙwalwa ke karɓa lokaci guda ta tace ta haɗa, ta ɗaga wannan ta danne wancan. In tacewar ta samu tangarɗa sai ka ga yaro yana gudun taɓawar da ba ta kai ta kawo ba, ko yana neman juyi da tsalle kamar mai jin yunwarsu. Tun 1964 ta raɗa wa wannan gudun taɓawar suna a rubuce. A 1972 ta fitar da littafi don masana, a 1979 ta sake rubuta wani don iyaye da malaman makaranta, a tsakanin nan kuma ta buɗe asibitinta a garin Torrance, ɗaki cike da lilo da katifu da ganguna da abubuwan hawa, inda maganin shi ne wasa, yaro ke jan ragama mai aikin tana binsa tana ɗan ƙara masa wahalar wasan kaɗan-kaɗan. A 1980 ita da wata abokiyar aikinta suka buga bincike kan yara goma masu otizim. Ta rasu a 1988, jerin gwaje-gwaje 17 da ta ƙare rayuwarta tana gyarawa sai a 1989 suka fito.

Yanzu in ka tambayi ɗan'uwana ɗan boko tasirin matar nan, zai ba ka lamba. Akwai ma'aunin da wani masanin fiziya, Jorge Hirsch na jami'ar Kalifoniya a San Diego, ya ƙirƙiro a 2005, wanda ake kira lambar h: in aka ce lambarka 20 ma'ana kana da takardu 20 da kowace aka ambata aƙalla sau 20. Dabara ce mai kyau wallahi, ba na raina ta, amma makauniya ce. Ba ta san wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka ba, duk ɗaya ne a wurinta, kamar mai ƙirga mutanen da suka taru a ƙofar gida bai tambaya ko suna ake ko zaman makoki ba. Kuma babu fannin da ya fi otizim nuna wannan. A 1998 wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya buga takarda a mujallar Lancet kan yara 12 wadda ta jawo zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela na da hannu a otizim. Daga baya aka bankaɗo cewa aikin cike yake da maguɗi, a 2010 mujallar ta janye takardar, hukumar likitoci ta soke sunansa daga rajista, manyan bincike kan dubban ɗaruruwan yara ba su ga wata alaƙa ba. Amma takardar tana cikin waɗanda aka fi ambata a duk takardun da aka taɓa janyewa. In lamba ce tasiri toh mutumin nan gwarzo ne. Mu da muka ga abin da jita-jitar rigakafi ta yi mana a 2003 lokacin shan-inna ba sai an yi mana dogon bayani kan irin wannan "tasirin" ba.

Toh amma ba a nan gizo ke saƙa ba, don Ayres ba maguɗi ta yi ba, matsalarta daban ce kuma ta fi ban sha'awa. Abin da ta bari ya rabu, wani ya tsaya da ƙafarsa, wani har yau ana jayayya a kansa, wani kuma 'yan kasuwa sun ɗauke sun yi gaba da shi, lambar kuwa duk ta haɗa su a buhu ɗaya.

Abin da ta gani da idonta dai ya tabbata. Dama tun 1943 Leo Kanner, likitan da ya fara siffanta otizim a Baltimore da yara 11, ya lura wasunsu na firgita da ƙarar wasu na'urori, amma shekara da shekaru ana ɗaukar wannan a matsayin ɗan ƙarin bayani kawai. 'Yan fannin Ayres ne suka nace a kai. Winnie Dunn ta jami'ar Kansas ta fitar da takardar tambayoyinta a 1999, a 2007 kuma ita da Scott Tomchek suka gwada yara 281 masu otizim 'yan shekara uku zuwa shida suka samu kashi 95 cikin ɗari na da wani nau'i na wannan bambancin ji. Sai a 2013, shekara 25 bayan rasuwar Ayres, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa yawan ji ko ƙarancin ji a cikin alamomin da ake dubawa a hukumance kafin a ce yaro na da otizim, a bugu na biyar na kundinsu. Manya masu otizim da ke iya bayyana kansu, irin Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Kolorado, sun daɗe suna faɗin haka da bakinsu, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bangaren shi ne ya ratso teku ya iso kunnen ƙanwata, kuma shi ya sauke mata kayan da ta ɗauka shekara uku.

Maganin nata fa, wato ɗakin lilon? Nan sai a hankali. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa hujjar da ke nuna wannan magani na aiki kaɗan ce kuma ba ta yanke hukunci ba, ta ce a riƙa gaya wa iyaye haka, kuma kar likita ya rubuta matsalar tace saƙonni a matsayin cuta mai zaman kanta. Almajiran Ayres suka ce ai yawancin binciken da ake kafa hujja da su ba hanyarta suka bi ba, kowa ya sa yaro a lilo sai ya laƙa sunanta, har wata tawaga ƙarƙashin Diane Parham ta zauna ta fitar da ma'aunin da za a gane wanda ya bi hanyar da wanda bai bi ba. Da wannan ma'aunin Roseann Schaaf ta jami'ar Thomas Jefferson a Filadelfiya ta yi gwaji da yara 32 'yan shekara huɗu zuwa takwas, aka raba su gida biyu da ƙuri'a, kashi ɗaya aka yi musu zama 30 cikin sati goma, aka buga sakamakon a 2014: waɗanda aka yi wa sun fi cimma burin da iyayensu suka sa, kuma sun rage buƙatar a taimaka musu wajen hidimar jikinsu. Murna ta tashi, a 2020 ma wata cibiya a jami'ar Karolina ta Arewa ta sa hanyar cikin jerin waɗanda ke da hujja. Sai kuma 2022 ta zo. Masu bincike a jami'ar Cardiff suka fitar da sakamakon gwajin da ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, yara 138 a Wales da Ingila, kuma a kan babban abin da suka sa a gaba, wato raguwar fushi da tada hankali, ba su ga bambancin a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda suka ci gaba da kulawar da suka saba samu ba, ko bayan wata shida ko bayan shekara, ga kuma tsada. Duk da haka iyaye da dama a cikin gwajin sun ce sun ga ci gaba a ƙananan burikan da suka sa wa 'ya'yansu. Toh ka ji.

Ni a ganina gwajin Cardiff ɗin nan ma cikin tasirinta yake, kuma ba da gatse nake faɗa ba. Ra'ayi nawa ne a duniyar ilimi aka faɗe su a dunƙule yadda ba wanda zai iya gwada su balle ya kama su da kuskure? Ita ta faɗi nata a fili, ta ƙera ma'auni, ta bar almajiran da suka yarda a sa abin a sikeli ko da zai fito ba yadda suke so ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɓoye wa uba mai albashin gwamnati sakamakon 2022 a nuna masa na 2014 kawai, ya je ya sayar da fili. Mijin ƙanwata ya kusa yin haka, wani wuri mai zaman kansa a wani babban gari suka yi masa lissafin zama na wata-wata da ya fi albashinsa, da alƙawarin wai yaron zai "warke". Ba warkewa ake ba, otizim ba zazzaɓi ba ne, yaro yana girma da shi ne ya koyi zama da duniya ita ma duniyar ta koyi zama da shi.

Sai 'yan kasuwa. Shiga intanet ka rubuta otizim ka ga kaya: bargo mai nauyi, riga mai nauyi, burushin goge fata, kujerar ƙwallo, duk da sunan kimiyya a jiki, da yawa ma suna jingina da sunan matar da ba ta taɓa ganinsu ba. Bargon nan an gwada shi a Ingila, aka buga a 2014, yara sittin da wani abu, kowane ya kwana da mai nauyin na sati biyu ya kwana da na banza na sati biyu, an ɗaura musu na'urar auna barci a hannu. Barcin bai ƙaru ba, ba su fi saurin yin barcin ba, ba su rage farkawa ba. Amma da aka tambayi yaran da iyayen, mai nauyin suka fi so. Kuma kafin nan, a 2008 a lardin Kwibek na Kanada, wani yaro ɗan shekara tara mai otizim ya rasu a makaranta bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargon an bar shi. Duk takardar da aka rubuta kan bargon nan in ta ambaci Ayres a gabatarwa, lambarta ta ƙaru da ɗaya.

Labarin bargon nan ni ma ya taka min birki, don da farko abin da na so rubutawa shi ne a bar ƙirga ambato a tambayi iyaye mata, su ne alƙalai. Sai na ga ai iyayen ne suka ce bargon ya yi alhali na'ura ta ce barci bai ƙaru ba. Mai maganin gargajiyar da ke tasha da lasifika shi ma yana da masu shaida, har rantsuwa suke. Uwar da ta kashe kuɗi ta sa rai dole ta ga sauƙi ko babu, ba ƙarya take ba, zuciya ce. Wani abokin aikina da muka yi musu a ofis ya ƙara min da nasa, ya ce "Dakta, in ka cire lamba me ya rage? Kwamitin ƙarin girma zai koma wa-ka-sani ne kawai, gara lambar ko ba komai ba ta san ɗan wane ba." Gaskiya ya faɗa, na sha ganin yadda ake yi in ba ma'auni. Don haka ni ban ce a jefar da lamba ba, kuma ban ce hawayen ƙanwata hujjar kimiyya ba ne. Cewa nake tambayoyi biyu ne lambar ba ta iya amsawa kuma su ne suka fi muhimmanci a fanni irin wannan: cikin abin da masanin ya faɗa me ya rage bayan an gwada, sannan abin da ya rage ɗin ya isa hannun wa.

Turawan da muka kwaikwayo ma sun fara gyara nasu. A Birtaniya tun 2014 tsarin da gwamnati ke auna binciken jami'o'i da shi don raba kuɗi ya ware kashi 20 cikin ɗari ga tasirin da aka yi a wajen jami'a, a 2021 suka ɗaga zuwa 25, kuma ba lamba za ka kawo ba, labari za ka rubuta da shaida, ga abin da muka gano, ga asibiti ko makaranta ko dokar da ta canza saboda shi. Tun 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwa cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki. Mu kuwa yanzu muka ɗauki abin da zafi, har da masu biyan kuɗi a buga musu a mujallun da ba mai karantawa, da 'yan ka-ambace-ni-in-ambace-ka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne littafin nan na 1979. Mace ta kai matsayin da masana ke sauraronta, ta zauna ta sake rubuta aikinta da harshen da uwa za ta gane. A fom ɗin ƙarin girma irin namu wannan aikin kusan ba shi da maki, ba sabon bincike ba ne, ba mujalla ba ce. Haka ma abin da matar asibitin nan ta yi. Na je na nemo irin tambayoyin da ke takardar Dunn, a ciki ana maganar injin shara na lantarki da na'urar busar da gashi da haushin kare da tafiya ba takalmi a kan ciyawa, abubuwan gidan Ba'amurke. Da haka ta karanto wa ƙanwata da amsar ita ce "ba mu da shi" a wuce, a rubuta yaro lafiya lau. Ita ce da kanta ta mayar da injin shara injin markaɗe, ta sako shadda da miyar kuɓewa da janareta da lasifikar masu biki, a tsaye, da ka, tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Ba inda sunanta zai fito, ba wanda zai ambace ta, lambar h ɗinta sifili ce, alhali ba don ita ba da aikin Ayres da na Dunn duk da dubban ambatonsu a bakin teku za su tsaya game da gidanmu. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa yin kiyasin kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da otizim, ka lissafa yaran da ke Kano kaɗai ka ga gida nawa ake taron dangi a kan yaro ranar aski. Kowace 2 ga Afrilu ana bikin ranar otizim ta duniya, a sa shuɗiyar riga a ɗau hoto a otal, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ma an sa mata hannu tun Janairun 2019, amma takarda ɗaya ta Hausa mai shafi biyu da za a miƙa wa uwa a ce ga dalilin da ɗanki ke toshe kunne, ni dai ban taɓa cin karo da ita a asibitin da muke zuwa ba.

Shawarwarin da matar ta ba mu babu na sisin kwabo a ciki. A bar kilifa a koma almakashi. A yi askin a gida, a wurin da ya saba, da safe kafin gari ya ɗau hayaniya, a gaya masa tun jiya, a nuna masa almakashin ya taɓa ya juya, a fara da kan babansa yana kallo. Kar a riƙe shi ta baya ba zato, in za a taɓa shi a taɓa da ƙarfi-ƙarfi a kafaɗa maimakon shafa sama-sama don ita ce ta fi tada masa tsigar jiki. A yafa masa tawul kar gashi ya zuba a wuya. In ya ce ya isa, ya isa, a ƙarasa gobe. Ta kuma gaya mana ƙarara cewa ba ta da tabbacin kowace za ta yi aiki, a gwada a gani, wanda bai yi ba a bari. Na fi yarda da ita saboda wannan maganar fiye da masu alƙawarin warkewa.

Hajiyarmu ba ta daina tofinta ba kuma ba wanda ya ce ta daina, hayaƙin kawai aka roƙe ta ta bari don warin na sa shi amai, ta ce "toh ai maigidan nawa ba ya son turare, an bari." Ubansa ya daina cewa sangarta, bai dai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kawai wata rana na ga ya sayo almakashi har biyu. Ƙanwata kuma ta sa ni gaba sai na fassara mata abin da nake karantowa don ta tura wa wasu mata uku da suka haɗu a layin asibiti suka buɗe guruf a WhatsApp, yanzu sun haura su goma. Na yi shafi huɗu na kai wa matar asibitin ta duba ta gyara min wurare da dama, wani wurin ma ta ce na cire gaba ɗaya don na faɗi abin da binciken bai faɗa ba. Da nake cike fom ɗin bana na tambayi wani babba a wurin aikinmu ko akwai layin da zan sa wannan, ya duba ya juya takardar ya ce "sa shi a hidimar al'umma Dakta, amma fa kar ka sa rai da maki."

Askin babbar Sallar da ta wuce kwana uku aka yi ana yinsa, ranar farko gaba, ta biyu ƙeya, ta uku gefe ɗaya. Ɗaya gefen, bayan kunnen hagu, bai yarda ba, haka ya je idi da hularsa a karkace ta rufe wurin.